Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Sabon Shiga Wasannin Harbi Na Intanet Ya Fara Sanin Abin Da Ke Kashe Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ya mamaye kusan kowace fada ta samari a nan Maradi, daga unguwar Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, amma da wuya a ga an taɓo shi a jaridunmu na Hausa sai dai in za a yi tir da shi, wato wasannin harbi da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet. Sana'ata gyaran wayar salula ce, kuma ni ma ina buga waɗannan wasanni idan na rufe shago, saboda haka koken sababbin shiga yana iso ni a bakin teburin aiki, yana kuma iso ni a wurin shan shayi. Koken kusan iri ɗaya ne kullum: ana kashe su tun kafin su ga wanda ya harbe su. Maganin da suke hange shi ma iri ɗaya ne, wato babbar waya, ko sayen lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasa, ko wata manhajar maguɗi da wani ya yi musu alkawari. Abin da nake so in isar musu ta jaridarka shi ne cewa kowace mutuwa a wasan nan tana da dalilin da za a iya ganowa, kuma yaron da ya saba tambayar kansa abin da ya kashe shi zai wuce wanda ya zuba kuɗi, ko da wayar wancan ta fi tasa tsada nesa ba kusa ba.

Ga mai karatun da bai san su ba, tsarin yawancinsu ɗaya ne. PUBG, wanda wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar a 2017 kafin kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya kawo shi waya a 2018, yana ɗaukar mutum 100 a jirgin sama, kowa ya diro da laima hannu rabbana, ya nemi makami da rigar sulke a cikin gidaje, yayin da da'irar da ake iya rayuwa a cikinta ke ƙara tsukewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda shi ma ya fito a 2017, ya rage yawan mutanen zuwa 50, ya gajarta wasan zuwa kimanin minti 10, kuma an gina shi yadda ƙaramar waya za ta iya ɗauka, shi ya sa ya fi shiga hannun samarinmu masu riƙe da itel da Tecno da Infinix. Call of Duty Mobile ya biyo baya a watan Oktoba na 2019. Gasar duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021 ta tara masu kallo fiye da miliyan 5 a lokaci guda, kuma wata ƙungiya daga Tailan ce ta ɗauki kofin.

Abu na farko da ke ruɗin sabon shiga shi ne nasarar da yake samu a wasanninsa na farko. Sau da yawa akan cika waɗannan zagaye da ƴan wasan da kwamfuta ke sarrafawa, masu yawo a sarari ba tare da neman mafaka ba, masu harbi su kuskure, domin kada ɗan koyo ya karaya ya goge wasan. Yaro zai kashe takwas ko goma ya ɗauka hannunsa ya faɗa, alhali abin da ya koya shi ne gudu a fili da tsayawa cak yana harbi, kuma babu mai tsira da waɗannan ɗabi'u a gaban mutum na gaske. Da matsayinsa ya hau aka soma haɗa shi da mutane irinsa, sai ya ga kamar an juya masa baya, ya fara zargin wayarsa ko ya ce kowa maguɗi yake yi.

Zan daɗe a kan maganar rezo, wato sadarwar intanet ta waya, domin ita ce mu ƴan wannan yanki muka fi fama da ita, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. A gefen fuskar wasan akwai wata ƴar lamba da haruffan ms a bayanta, wadda samari ke kira ping. Lambar tana nuna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa babbar kwamfutar kamfanin da ke hukunta wasan, ya kuma dawo, kuma ana auna ta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi da ke ɗaukar intanet yana cin kimanin kilomita 200 a kowane irin wannan kashi. Idan babbar kwamfutar tana Turai, alal misali a wajen Paris da ke da nisan kusan kilomita 4,000 daga Maradi, to ko da hanyar miƙaƙƙiya ce, zuwa da dawowa sai sun ci 40. Hanyar kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce, domin Nijar ba ta da gaɓar teku, saƙonmu sai ya gangara ta ƙasashen maƙwabta irin su Benin kafin ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku, kuma mun ga yadda muka dogara da su a watan Maris na 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da tamu. Saboda haka ɗan Maradi da ya ga lambarsa ta haura 100 kada ya ɗauka wayarsa ce ta lalace.

Abin da wannan jinkiri ke haifarwa shi ne, abin da kake gani a fuskar wayarka ya riga ya wuce da ɗan lokaci. Wannan ne ya sa mutum zai gudu ya shige bayan bango, ya tabbata ya tsira, sai kawai ya ga ya faɗi: a wayar abokin gaba bai kai ga bangon ba lokacin da aka danna harbi, kuma babbar kwamfutar ta karɓi harbin. Haka nan wanda ya fito daga kwana da sauri yakan riga ganin wanda ke tsaye yana jiran sa. Mai hankali ba zai tsaya yana jayayya da wannan ba, sai ya gina wasansa a kansa. Ya riƙa shiga mafaka tun kafin jininsa ya yi ƙasa sosai, domin harsashi biyu ko uku suna kan hanya da bai gani ba tukuna. Kada ya tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa ko taga yana gadi. Ya rage faɗan gaba da gaba a cikin ɗaki da bindigar da ke kashewa da harbi ɗaya, irin M1887 ta Free Fire, domin a irin wannan faɗa wanda saƙonsa ya riga isa shi ke cin nasara, ya fi karkata ga faɗan matsakaicin nisa inda zaɓen wuri ya fi saurin yatsa tasiri.

Akwai kuma ɓangaren jinkirin da ke hannun mutum. Lamba 120 da ta tsaya wuri ɗaya ta fi 70 da ke tsalle zuwa 400 kowane lokaci, domin hannu yana sabawa da jinkirin da ba ya sauyawa. Tsallen nan kuwa yawanci daga cikin wayar yake: WhatsApp yana sauke bidiyon da aka turo rukuni, wata manhaja tana sabunta kanta a ɓoye, ko kuma mutum huɗu sun rataya a kan data ɗin waya guda. Wasan kansa ba ya cin data mai yawa a zagaye ɗaya, sabuntawarsa ce ke cinyewa, kuma ita ana iya barin ta sai an samu sarari. Ko Airtel mutum ke amfani da shi, ko Moov, ko Zamani, ƙarfin rezo ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, har daga ɗaki zuwa tsakar gida, saboda haka ya kamata ɗan wasa ya gwada ya san inda lambarsa ta fi natsuwa da kuma sa'ar da cunkoso ke raguwa, ya ajiye wasannin neman matsayi sai wannan lokaci.

Daga rezo sai zafi, kuma nan sana'ata ta ba ni damar yin magana da tabbaci. Yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Idan ƙwaƙwalwar waya ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, hoton ya fara sarƙewa daidai lokacin da faɗa ya yi tsanani. Saboda ɗaukewar kuran, samari da yawa da zarar wuta ta dawo sai su jona waya a caji su ci gaba da wasa, zafin caji ya haɗu da zafin wasa a cikin rigar roba mai kauri. Irin waɗannan wayoyi ake kawo mini, murfin baya ya ɗago ya bar tsaga har ana hango batirin ya kumbura, wani lokaci ya turo gilashin gaba ya ɓalle daga mazauninsa, mai ita kuwa yana cewa shi dai wasan ne ke tsaitsayawa. Shawarata ita ce a cire rigar waya lokacin wasa, a bar caji sai an gama, a zauna a inuwa, sannan a shiga saitin wasan a sauke kyan hoto zuwa mataki mafi ƙasa, a ɗaga yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa iyakar abin da wayar za ta jure. Mai ganin hoto 60 a daƙiƙa yana samun sabon labari kowane kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa, mai ganin 30 sai bayan 33. Inuwar bishiya da ƙyallin ruwa na cikin hoton ba su taɓa ceton kowa a wasan nan ba.

Idan an gyara waɗannan, sai a zo ga hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yawan sauya saurin juyawar saiti, wato alamar da ke nuna inda bindiga ta nufa. Yaro zai kalli bidiyon wani gwani daga Indiya ko Barazil, ya kwafe lambobinsa, ya yi wasa biyu bai ga sauyi ba, gobe ya kwafe na wani. Lambobin nan sun dace ne da girman wayar wancan da tsawon yatsunsa. Hannu yana koyo ne ta maimaita abu ɗaya, kuma duk ranar da aka sauya saitin an mayar da shi farko. Abin da ya dace shi ne a shiga filin atisaye da kowane wasa ke da shi, a zaɓi saurin da zai ba mutum damar juyawa baya da jan yatsa ɗaya, kuma ya iya bin abin da ke tafiya ba tare da saitin ya zarce ba, daga nan a bar shi haka na makonni. Maɓallan ma haka: a ƙara girman na harbi, a matsar da shi inda yatsa ke sauka da kansa. Wasa da manyan yatsu biyu yana da iyaka, domin yatsan da ke juya ido shi ne kuma ke harbi, shi ya sa gwanaye ke ƙara na uku ko na huɗu a saman waya. Wanda zai koma haka ya san wasansa zai lalace na ɗan lokaci kafin ya gyaru, kuma ya yi haƙuri da hakan.

Na sha tsayawa a bayan ɗan koyo a fada ina kallon fuskar wayarsa, kuma abin da nake gani kusan kullum shi ne alamar saitinsa tana kallon ƙasa, wajen ƙafafun ɗan wasansa, saboda idonsa na neman kayan tsinta. Da abokin gaba ya ɓullo, sai ya ɗago saitin daga ƙasa, ya nemi mutumin, sannan ya harba, wancan kuwa tun da ya taho saitinsa na daidai tsayin ƙirji ko kai, a kan kwanar da ake tsammanin mutum zai fito. Ɗan Adam yana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da ido ya gani, a ƙara jinkirin rezo a kai, a ƙara lokacin ɗago saiti, to ina sauran faɗa? Riƙe saiti a tsayin kai a kowane lokaci, ko da babu kowa a gaba, shi ne gyara mafi arha kuma mafi saurin nuna amfani. Bayansa sai sanin halin bindiga. Kowace bindiga bakinta yana ɗagawa sama idan aka riƙe harbi, AKM ta fi M416 tsalle sosai a PUBG duk da ta fi ta ƙarfin duka, saboda haka ɗan koyo ya riƙe mai sauƙin sarrafawa, ya koyi jan yatsa ƙasa a hankali yayin harbi, kuma idan abokin gaba na nesa ya riƙa sakin harsashi uku ko huɗu yana tsagaitawa. A Free Fire kuwa saitin yakan manne wa ƙirji, shi ya sa ake jan maɓallin harbi sama domin harsashin ya hau kai. Bindiga biyu da mutum ya san su ciki da waje sun fi masa goma da yake ɗauka don sun yi kyan gani.

Mu mutanen Maradi, da filin kokowarmu ke ɗauke da sunan Yakuba Kantu wanda ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, mun san cewa ba a ranar gasa ɗan kokowa ke koyon kamu ba, a fagen unguwa yake faɗuwa yana tashi da abokan atisaye har jikinsa ya san abin yi kafin kansa ya yi tunani. Babban zagayen mutum 100 yana iya cin kusan rabin sa'a, a cikinsa ɗan koyo ya yi faɗa ɗaya na daƙiƙa biyar ya mutu. Amma a ƙananan zagaye na huɗu da huɗu, irin wanda PUBG Mobile ke yi a cikin sito inda ake tsere zuwa kisa 40, ko Clash Squad na Free Fire inda ake sayen makami a farkon kowane zagaye, mutum zai yi faɗa da yawa a cikin minti goma. Wanda ya fara da ɗan lokaci a filin atisaye, ya bi da irin waɗannan zagaye kafin ya shiga babban fage, zai ga bambanci a hannunsa kafin wata ya ƙare.

Sai dai yawancin mutuwar sabon shiga ba daga hannu take ba, daga zaɓen da ya yi minti ɗaya kafin harbin take. Wasu sukan diro tsakiyar cunkoso, Pochinki a taswirar Erangel ta PUBG ko Clock Tower a taswirar Bermuda ta Free Fire, su mutu kafin su tsinci bindiga, wasu kuma su ɓuya a ciyawa har ƙarshen wasa ba su harba ko sau ɗaya ba, kuma duka biyun ba sa koyon komai. Wuri matsakaici ya fi, inda ƙungiya ɗaya ko biyu za su sauka, a samu makami a kuma samu faɗa. A riƙa duban taswira akai-akai, a tashi zuwa da'ira da wuri, domin mai gudu a makare yana ratsa fili ne a gaban waɗanda suka riga suka zauna. Kafin a bar kowace mafaka a san wadda za a nufa. Akwatin da jirgi ke jefowa da jan hayaƙi yana ɗauke da manyan makamai irin su AWM, amma kowa ya gan shi, kuma gwanaye sukan kwanta nesa su jira masu kwaɗayi. Sannan akwai sirrin da ke amsa koken nan na rashin ganin wanda ya yi harbi: a yanayin da kake kallon ɗan wasanka daga bayansa, wanda ya laɓe a bayan bango ko dutse yana iya juya idon wasan ya hango ka sarai ba tare da jikinsa ya fito ba. Ya gan ka tun kana nesa, ya daidaita saiti, ya fito ya gama da kai. Babu maguɗi a ciki, kai ma kana da wannan dama idan ka koyi tsayawa a bayan abu ka duba kafin ka motsa.

Kunne ma makami ne. Abin saurare na kunne, ko mai arha ne, yana nuna ta ina takun ƙafa ke zuwa, sama ne ko ƙasa, dama ko hagu, kuma mai wasa a fada cikin kiɗa da hira ya bar rabin labarin a waje. Ƙarar harbi tana kiran wasu, don haka bayan an ci faɗa a fara ɗura harsashi da jinya a bayan mafaka, a kwashi abin da ake buƙata da sauri a bar wurin.

Game da wasan ƙungiya, abin da ke kashe samarinmu shi ne yawan magana marar labari. "Ga shi can!" ba ta gaya wa kowa komai, domin abokinka ba ya kallon inda kake kallo. A saman fuskar PUBG akwai lambobin alƙibla, saboda haka "mutum biyu, 240, bayan jan gida, ɗaya ya ji rauni" magana ce da za a yi aiki da ita nan take, kuma Hausa ta ishe mu faɗin ta. Idan aka kayar da abokinka, kada ka ruga ɗaga shi a fili, domin sau da yawa an bar shi da rai ne don ya jawo ka, a jefa gurnetin hayaƙi ko a kafa katangar kariya da ɗan wasa ke ɗauke da ita a Free Fire tukuna. Abokai huɗu da suka saba da juna, kowa ya san aikinsa, sukan ci ƙungiyar da kowane ɗaya a cikinta ya fi su iya harbi. Zan kuma faɗi abin da ke damuna: ashar da zagin iyaye sun yi yawa a muryar wasan, har da yaran da a gida ba za su iya ɗaga ido su kalli babba ba. Bayan munin abin a tarbiyya da addini, ƙanin da aka zaga saboda ya yi kuskure ba ya ƙara buɗe baki ya ba da labari, ƙungiya kuma ta yi asarar ido biyu.

Duk waɗannan ba za su zauna ba sai mutum yana komawa ya duba. Wayoyin Android tun daga na 11 suna da abin ɗaukar bidiyon fuskar waya a cikinsu, kuma yawancin wayoyin da ke kasuwarmu suna da shi. A ɗauki wasa ɗaya, a kalli daƙiƙa talatin na kafin mutuwa, a tambayi kai: ina mafakata take, ina saitina ke kallo, harsashi nawa ya rage mini, na ji taku ban kula ba, lambar jinkiri ta yi tsalle? A fitar da dalili ɗaya tak, a shiga wasa na gaba da niyyar gyara shi kaɗai. Idan wasan ya ba da damar kallon wanda ya kashe ka, to ka zauna ka kalle shi maimakon gaggawar fita cikin fushi, domin darasi ne kyauta daga wanda ya fi ka.

Maganar kuɗi kuwa sai an yi ta da gaskiya. A PUBG Mobile tufafi da fentin bindiga ado ne kawai, ba sa ƙara wa harsashi ƙarfi. A Free Fire wasu fentin bindiga da wasu jarumai suna da ɗan tasiri, ba zan ɓoye wannan ba, amma tasirin bai kai ya ceci wanda ke gudu a fili da saiti a ƙasa ba. Yaron da ke tara abin da ya samu a kabu-kabu ko a shagon ubangidansa ya zuba jaka biyu ko uku a keken sa'a yana fatan wata riga ta fito, ya sani cewa abin da yake yi ya yi kama da caca ƙwarai, kuma ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na cikin wasanni a matsayin caca tun 2018. Mafi muni su ne masu turo adireshi a WhatsApp da alkawarin lu'ulu'u kyauta, su nemi mutum ya rubuta kalmar sirrinsa ta Facebook. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akan zo mini da waya a ce asusu ya ƙi buɗewa, in duba in tarar an sauya lambar da kalmar sirrin gaba ɗaya, wasan ya tafi, hotunan iyali da saƙonni sun tafi, wani lokaci har ana roƙon kuɗi a wurin dangi da sunan yaron. Manhajar maguɗi ita ma hanya ce ta shigar ɓarayi cikin waya, kuma PUBG Mobile yakan rufe asusun wanda aka kama har shekara 10. Ko ba a kama shi ba, ha'inci ne ga mutum 99 da suka shigo da gaskiya.

Ina sane da cewa iyaye da malamai da yawa za su karanta wannan wasiƙa da damuwa, kuma damuwarsu tana da tushe, musamman a jihar da ƙauyukan kan iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji suka san ainihin ƙarar bindiga. Wasannin nan ba na ƙananan yara ba ne, kuma akwai iyakar shekaru a rubuce a shafin da ake sauke kowannensu, wadda ya kamata uba ya duba kafin ya miƙa wa ɗan firamare waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma alamar da ta bayyana ita ce mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani. Abin da nake gaya wa ƙannena shi ne, iyakance lokaci yana cikin ƙwarewar kanta. Ido da ya gaji ba ya saiti, kuma wanda aka ci sau uku a jere ya ci gaba cikin fushi matsayinsa kawai yake zubarwa. Wasan intanet ba a dakatar da shi a tsakiya, saboda haka wanda ya san an kusa kiran salla, ko mahaifiyarsa na jiran aike, kada ya fara zagayen da zai ci rabin sa'a. Ɗan lakwal da jarrabawar BEPC ko BAC ke gabansa ya ajiye neman matsayi sai hutu, domin matsayin wasa ana sauke shi a ƙarshen kowane zango ko da mutum ya kai ƙololuwa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan fili, ko sau ɗaya a wata, inda za a riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa, domin kusan duk abin da samarinmu ke koyo a kai da Faransanci ko Turanci ko Larabci yake zuwa musu, daga bakin mutanen da rezonsu da yanayinsu ba irin namu ba ne, kuma da yawansu talla suke yi. Ina kuma kira ga masu kula da gidajen matasa da ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da su duba yiwuwar shirya gasa tsakanin unguwanni da rana tsaka, da ƙa'idar shekaru, da hana ashar da maguɗi, da tsayawa idan lokacin salla ya yi, iyaye kuma a ba su kujera a gaba su ga abin da ƴaƴansu ke yi. Idan aka tashi yin haka, ni da wasu abokan sana'ata a shirye muke mu duba wayoyin masu shiga gasar kyauta kafin a fara.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai gyaran waya, unguwar Zariya, Maradi